Triumph: Jaridar da Rimi Ya Kafa, da Abin da Birnin Kudu da Gwaram Suka Rasa

Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin ba, ga shi a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau tarihin wata jarida za mu taɓa. Na san da yawa daga cikinmu, musamman 'yan ƙasa da shekara talatin, ba mu taɓa zaro kuɗi mun sayi jarida ba. In mun riƙe ta, to tsire ko ƙosai aka naɗo mana a ciki. Amma an yi zamani a ƙasar nan da jarida take da nauyin da har 'yan tarzoma za su nufi ofishinta da wuta. Jaridar da nake nufi ita ce Triumph ta Kano. Kada wani ɗan Jigawa ya ce ina ruwansa, domin lokacin da aka kafa ta, Birnin Kudu da Gwaram da Dutse da Haɗeja duk Jihar Kano ne. Da kuɗin baitulmalin da iyayenmu ke da haƙƙi a ciki aka kafa ta.

Mu fara daga 1979. Sojoji sun miƙa mulki, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya zama shugaban ƙasa, ita kuma PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohi biyu kacal: Kaduna a hannun Balarabe Musa, Kano a hannun Muhammadu Abubakar Rimi. Rimi ya hau ranar 1 ga Oktoba 1979 bai ma cika shekara arba'in ba. Ya soke haraji da jangali, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, ga shi kuma da baki. Abin da ya rasa shi ne inda zai sa bakin. Manyan kafofin da Arewa ke ji da su a lokacin, wato New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Rediyon Kaduna, duk suna hannun gwamnatin tarayya, gwamnatin tarayya kuma tana hannun NPN. New Nigerian ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966 a matsayin jaridar gwamnatin Arewa, sojoji suka karɓe ta a 1975. Gaskiya kuwa tun 1939 take, zamanin Abubakar Imam. Sunayensu manya ne, amma gwamnan adawa ba zai kwanta ya yi barci yana jiran su yi masa adalci ba.

To a nan yankinmu ya shigo, kuma wannan shi ne wurin da ya fi ba ni sha'awa a duk labarin. Birnin Kudu da Gwaram maƙwabtan juna ne, amma a Jamhuriya ta Biyu kowanne ya fitar da babban ɗan siyasa a ɓangare daban. Birnin Kudu ta tura Sule Lamido, ɗan Bamaina, majalisar wakilai a Legas a ƙarƙashin PRP. Gwaram kuma ta haifi Bello Maitama Yusuf, jigo a NPN, wanda Shagari ya ba ministan harkokin cikin gida, daga baya ya koma ma'aikatar ciniki. A watan Janairu 1980, ma'aikatar cikin gidan ce ta ba da umarnin a kori Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno kuma ɗan GNPP, zuwa Chadi, bisa cewa wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta rushe korar daga baya. Ku duba fa: magana irin wannan, wadda ta girgiza ƙasa, ministan da ke tsakiyarta ɗan Gwaram ne, ɗan majalisar da ke ɓangaren adawa kuma ɗan Birnin Kudu. Mutumin da ke zaune a kasuwar Sara ko a tashar Birnin Kudu, wa zai ba shi labarin, kuma da wane baki? Wannan tambaya ce ke sa gwamnati ta kafa jarida.

A 1980 gwamnatin Rimi ta kafa kamfanin Triumph. Sunan ma kansa ya ishe ka bayani: ma'anarsa nasara, taken PRP kuwa shi ne "Nasara". Ginin kamfanin da ke Fagge aka sa masa suna Gidan Sa'adu Zungur, don tunawa da malamin nan ɗan Bauchi, ɗan gwagwarmayar NEPU, wanda ya rasu a 1958. Ba a ɓoye wa kowa gidan da jaridar ta fito ba. Rimi ya kuma kafa tashar talbijin ta jiha, CTV, wadda yau ake kira ARTV da sunansa.

Amma a yi wa mutumin adalci, bai cika gidan da maroƙa ba. Ya ɗauko ƙwararru. Dakta Haroun Adamu, wanda ya yi suna a Daily Times ta Legas, shi ya jagoranci kamfanin a farko. Marigayi Rufa'i Ibrahim yana cikin editocin farko. Kabiru Yusuf, wanda daga baya ya kafa kamfanin da ke buga Daily Trust da Aminiya, ya ratsa ta wannan gida. Garba Shehu, ɗan Dutse, ya yi edita a can har ya shugabanci kamfanin, kafin ya zama kakakin Atiku Abubakar, daga baya na Shugaba Buhari. In ka bi salsalar manyan 'yan jaridar Arewa na shekaru arba'in da suka wuce, da wuya ka yi nisa ba ka ci karo da Triumph ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne jaridu biyu na Hausa da kamfanin ya riƙa bugawa: Albishir da boko, Alfijir da ajami. Ku ɗan tsaya kan Alfijir ɗin nan. A ƙauyukanmu akwai dubban mutane da takardun gwamnati ke lissafa su a jahilai, alhali sun yi shekaru a makarantar allo, suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami. Gwamnati ta ce wa wannan mutum, kai ma mai karatu ne, ga labarin majalisa da na kasafin kuɗi da baƙaƙen da ka sani. A ganina wannan na cikin manyan ayyukan siyasa da aka yi a tsohuwar Jihar Kano, ko da yake ba a cika lissafa shi tare da tituna da wutar lantarki ba. Kuma jarida a karkara ba ta mutum ɗaya ba ce. Kwafi ɗaya zai biyo motar haya daga Kano, ta Wudil, ya sauka a hannun malamin makaranta ko malamin asibiti, da yamma a karanta wa majalisa guda, a yi gardama a kai har magariba. Kwafi ɗaya, kunnuwa ashirin.

Sai dai gidan da aka haifi jaridar bai zauna lafiya ba. PRP ta dare biyu tun ba a je ko'ina ba. Ɓangaren gwamnonin biyu, Rimi da Balarabe, aka kira su 'yan santsi. Waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu kuma 'yan taɓo. Sule Lamido yana tare da Rimi. Jaridar da aka kafa don ta fuskanci NPN sai ga ta a tsakiyar faɗan cikin gida, kuma kowa ya san inda za ta karkata, tunda mai biyan albashi shi ne jagoran santsi. 'Yan taɓo suka riƙa kallonta a matsayin kakakin abokin hamayya, kamar dai yadda 'yan NPN ke kallonta.

Sannan ga rigimar fada. A 1981 Rimi ya ɗaga darajar wasu masarautu, ciki har da Dutse, ya daidaita su da Kano. Mu nan wannan ba labarin nesa ba ne, domin Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin Sarkin Kano a da, yau kuma suna masarautar Dutse. A watan Yuni na shekarar majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. A farkon Yuli gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar Juma'a 10 ga Yuli 1981 Kano ta kama da wuta. Masu tarzoma suka kashe Dakta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero kuma mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Suka auka wa gine-ginen gwamnati, cikin waɗanda aka sa wa wuta har da Rediyon Kano da kamfanin Triumph. Jaridar ba ta wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba a duniya.

Masu tarzoma ba sa ɓata fetur a kan abin da ba ya damunsu. Wanda ya nufi gidan rediyo da gidan jarida ya san a nan gwamnati ke magana da talaka kai tsaye, ba ta hannun hakimi ko dagaci ba.

To, duk da wannan nauyi, shin jaridar ta ci wa mai ita zaɓe? Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Rimi ya sauka daga kujerar gwamna ya koma NPP don ya sake takara, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. A zaɓen Agusta 1983, Sabo Bakin Zuwo na PRP, ɗan taɓo, mutumin da 'yan boko ke yi wa dariyar Turanci, shi ya kayar da Rimi. Shekara uku ana buga ayyukan Rimi da jawabansa, da Turanci da boko da ajami, amma ranar ƙuri'a jama'a suka bi jam'iyyar Malam. Bakin Zuwo ya hau ya rushe sababbin masarautun, jaridar kuma ta wayi gari da sabon maigida wanda jiya-jiya yake ɓangaren da ake suka. Shi ma wata uku ya yi. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka dawo.

Daga nan cutar da za ta ci jaridar ta fara bayyana. Jaridar da gwamna ke naɗa shugabanta, ya biya albashinta, ya ba ta talla, dole duk wanda ya zauna a gidan gwamnati shi ne gwaninta. A 1984 gwamnatin Buhari ta kafa doka ta huɗu, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. In jarida mai zaman kanta a Legas ta sha haka, ina ga wadda gwamnan soja ke riƙe da tukunyarta? Sai kuma tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida daga 1986, darajar naira ta faɗi, takardar buga jarida da tawada da kayan gyaran inji duk suka yi tsada. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku, wadda aka sa rai za ta rage dogaro da waje, ba ta yi tsawon rai ba. Mai karatu yana raguwa saboda ya san abin da zai gani a shafin farko tun bai saya ba, 'yan kasuwa ba sa kai talla inda babu masu karatu, sai jarida ta ƙara jingina da gwamnati, jinginar kuma ta ƙara korar mai karatu. Haka abin ya yi ta zagayawa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa, hedikwata a Dutse. Murna aka yi, kuma ta cancanta. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: ma'aikata sun kwaso fayil sun taho Dutse, injin buga jarida kuwa yana Fagge bai motsa ba. Triumph ta zama jaridar jihar maƙwabta. Labarin Gwaram, wanda da labarin gida ne da edita zai tura wakili a kai, ya koma labarin wata jiha da za a matse a shafin ciki in an sami wuri.

Kuma ku dubi irin siyasar da yankin nan ya yi bayan haka. Gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Barista Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP, ya hau a Janairu 1992, Abacha ya rushe su a Nuwamba 1993. Sule Lamido ya riƙe sakataren SDP na ƙasa a zamanin rikicin 12 ga Yuni. A 1999 ya nemi gwamna a PDP, Saminu Turaki na APP ya kayar da shi, Obasanjo ya ba shi ministan harkokin waje. Bello Maitama ya wakilci Jigawa ta Kudu maso Yamma a majalisar dattawa daga 1999 zuwa 2007. A 2007 Lamido ya zama gwamna, ya yi shekara takwas. Wato ƙananan hukumomi biyu sun ba da gwamnoni biyu da ministoci da sanatoci, amma jihar ba ta gina gidan jarida mai nauyin Triumph da zai riƙa bin sawun waɗannan mutane mako-mako yana ajiyewa ba. Jigawa ta zaɓi rediyo, daga baya talbijin. Akwai hikima a ciki, domin rediyo ya fi isa ga manomi. Matsalar rediyo ɗaya ce: magana in ta fita ta bi iska.

A Kano kuwa Triumph ta ci gaba da jan ƙafa. A 2003 Rabi'u Musa Kwankwaso yana kan kujera, jaridar jiha da rediyon jiha da talbijin ɗin jiha duk suna ƙarƙashinsa, Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya kayar da shi. A ƙarshen wannan shekarar Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye a Kano, siyasa ta koma bakin sojojin baka, waɗanda za su sayi minti kaɗan su faɗi abin da edita ba zai taɓa bari a buga ba. Ta ɓangaren takarda kuma Weekly Trust ta fito a 1998, Daily Trust a 2001, Aminiya a 2006, suka kwashe masu karatun da ke neman abin da ya wuce sanarwar gidan gwamnati. Kwankwaso ya dawo a 2011, a watan Oktoba 2012 gwamnatinsa ta rufe kamfanin Triumph, bisa hujjar cewa ba ya iya riƙe kansa. Kusan a daidai wannan lokaci New Nigerian ma ta durƙushe a Kaduna, ma'aikatanta na bin bashin albashi. Jaridar da aka kafa da wadda aka kafa ta don ta yi wa martani, tare suka kwanta.

Ni dai a ganina hujjar riba ba ta isa ba. Makarantar firamare ma ba ta kawo riba. Tambayar da ta dace ita ce ko jaridar tana yi wa jama'a aikin da ya cancanci kuɗinsu, kuma amsar gaskiya ita ce gwamnatoci ne da kansu, ɗaya bayan ɗaya, na soja da na farar hula, suka hana ta yin aikin, sannan aka zo aka ce ba ta da amfani. Ka ɗaure akuya a turke shekara talatin, ka dawo kana mata faɗan ba ta iya kiwo ba.

Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta farfaɗo da jaridar, lokacin Malam Muhammad Garba, tsohon shugaban ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, yana kwamishinan yaɗa labarai. A zaɓen 2023 ɗan takarar gwamnatin, Nasiru Yusuf Gawuna, ya sha kaye a hannun Abba Kabir Yusuf na NNPP. Mu ma a Jigawa mun ga irinta a 2015: PDP na riƙe da kafofin jiha, amma Badaru Abubakar na APC ya kayar da Aminu Ibrahim Ringim. Duk gwamnan da ke zuba kuɗi a kafar yaɗa labarai don ta tsare masa kujera, tarihin jihohin nan biyu bai ba shi goyon baya ba.

To in ba ta cin zaɓe, me muka rasa? Ajiya muka rasa. Jarida ko ta gwamnati ce, ko yabon gwamna take yi, tana rubuta rana da wuri da adadi. In ta buga cewa gwamna ya je gari kaza ya aza harsashin asibiti na naira kaza, za a gama cikin wata kaza, to ta ɗaure shi da igiyar da ita kanta ba ta sani ba. Bayan shekara huɗu ɗan adawa ko ɗalibi ko ɗan ƙungiyar ci gaban gari zai iya zaro wannan shafi ya ce ga abin da ka faɗa. Shafin yabo na bana shi ne takardar shaida ta baɗi.

Yanzu ku gwada wannan da kanku. Ɗauki alƙawari ɗaya da wani ɗan takara ya yi a Basirka ko Kila ko Farin Dutse a kamfen ɗin 2015 ko 2019, na hanya ko na ruwa ko na gyaran makaranta, ka nemo inda aka rubuta shi da kwanan wata. In an faɗa a rediyo, sai wanda ya tuna. In a Facebook ne, yaron da ya wallafa ya sauya gida tun tuni, ya goge tsofaffin rubuce-rubucensa don kada sabon maigida ya gani. In a WhatsApp ne, ya tafi tare da wayar da ta lalace. Muna da masu rubutu a kan siyasa yau fiye da kowane zamani, kowace unguwa da 'yan soshiyal midiyarta, kuma da yawansu a tsarin da ya kashe Triumph suke aiki: mai sa maka data shi ne gwaninka. Bambancin kawai, ma'aikacin Triumph yana da edita a kansa da zai tambaye shi ina ka samo wannan adadi, yana da albashi ko da yana makara, kuma abin da ya buga ba ya goguwa.

Ɗalibin da ke son rubuta tarihin siyasar Birnin Kudu da Gwaram daga 1980 zuwa 1991 yana da inda zai dosa: ya hau mota zuwa Kano, ya nemi tsofaffin kwafin Triumph da Albishir da Alfijir a ɗakunan karatu, ya karanta su yana sane da bakin wanda ke magana. Wanda zai rubuta na shekarun da mu muka yi wayo a cikinsu, sai dai ya bi dattawa da tsofaffin kansiloli gida-gida da rikoda, kafin ƙasa ta rufe musu ido.